Gumin Da Ba A Rubuta Ba: Magana Kan Takardar Shaidar Aiki

Ƴan uwana matasa na Magarya da Dungas, da ku da kuke zaune Damagaram ko Yamai amma cibiyarku tana binne a gida, yau maganar wata ƴar takarda nake son mu yi. Shafi ɗaya ce, wani lokaci ko rabin shafi ba ta cikawa. Da Faransanci ana ce mata "certificat de travail" in aiki ya ƙare, ko "attestation de travail" in mutum yana kan aikin. Mu dai mu ce takardar shaidar aiki. Ba mai tunawa da ita sai ranar da ya zauna haɗa dosiyen biza ko na neman zama a wata ƙasa, a nan ne zai gane cewa shekara biyar ko bakwai da ya yi yana aiki, a idon ofishin da zai duba dosiyen, ba a yi su ba.

Abin da nake son in faɗa a taƙaice shi ne: wannan takarda haƙƙin ma'aikaci ce, ba alfarmar ubangida ba ce. Kuma hana ta da ake yi, ko jan rai kafin a ba da ita, yana cikin abubuwan da ke tura matasanmu hannun masu takardun bogi da kuma hanyar hamada.

A ƙidayar 2012, gundumar Magarya na da mutane sama da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma a 2011, na da sama da dubu 350. Yau mun fi haka nesa. Ba mu da ƙarancin ma'aikata. Je ka Bande, Waca, Sassumburum, Dogo-Dogo, Guci ko Malawa da sassafe ka gani: makaniki na ƙarƙashin mota, tela na kan keke, mai walda na feshin wuta, malamin kwantiragi na tafe kan babur zuwa makarantar ƙauye, yarinyar da ta yi karatun jinya na tsaye kan yara a likita tun dare. Ran Alhamis kuma rabin yankin na Maigatari wajen kasuwar dabbobi. Aiki muna yin sa har ya wuce misali. Abin da ba mu yi shi ne rubuta shi. A ƙasarmu fiye da tara cikin goma na masu aiki suna yin sa ne ba tare da rajista ba: ba kwantiragi a rubuce, ba takardar albashi, ba lamba a asusun CNSS. Da baki aka ɗauke ka, hannu da hannu ake biyan ka, da baki kuma za a sallame ka.

Tsakaninmu wannan tsari yana tafiya, don kowa ya san kowa. In ana neman shaidar cewa wane ya iya gyaran inji, sai a tambayi mutanen tasha. To amma jami'in da ke zaune a wani ofis a Dakar ko Otawa bai san tashar Magarya ba, bai san ubangidanka ba, bai taɓa shan shayi a fadarku ba. Takarda kawai ya sani.

Bari in ɗauki misalin Kanada, don ita ce a bakin masu digiri yanzu. Tun 2015 suna da tsarin da ake kira Entrée express, kuma daga 2023 sun fara ware zaɓe na musamman ga masu jin Faransanci, wanda ya sa ƴan ƙasashe irin tamu suka ga ƙofa ta ɗan buɗe. Yaranmu suna dagewa, su yi jarrabawar TEF ko TCF, su aika digirinsu na jami'ar Abdou Moumouni ko ta André Salifou a tantance. Duk wannan kuɗi ne, wani sai an sayar da bisashe a gida. Sai a zo kan shaidar aiki. A tsarin ƙwararrun ma'aikata, ana son mutum ya nuna ya yi aƙalla shekara ɗaya a jere, wato awa 1,560, a sana'a guda, cikin shekaru goma da suka wuce, kuma aikin ya zama na biya. Aikin sa kai da staj ɗin da ba a biya ba sa shiga lissafi. Takardar da za ta tabbatar da haka kuwa sai ta fito a kan takardar ma'aikata mai ɗauke da suna da adireshi da lambar waya da imel, ta faɗi muƙamin da ka riƙe, ranar farawa da ranar gamawa, ayyukan da kake yi ɗaya bayan ɗaya, awa nawa a mako, da albashinka na shekara, sannan shugabanka na kai tsaye ko mai kula da ma'aikata ya sa suna da muƙami da hannu. In aka gayyace ka ka shigar da dosiye, kwana 60 kake da su. Sittin kacal.

Yanzu dubi abin da dokarmu ta tanada. Dokar ƙwadago, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta wajabta wa mai ba da aiki ya miƙa wa ma'aikaci takardar shaida in kwantiragi ya ƙare, da ranar shiga, da ranar fita, da irin aikin da ya riƙe. Wannan dole ne, ko da faɗa kuka rabu, ko korar ka aka yi. Da yawa cikinmu ba su ma san haka ba. Amma ka lura da giɓin: ko ubangida mai tsoron Allah, wanda ya bi doka sau da ƙafa, takardar da zai ba ka layi uku ce. Ba bayanin ayyuka, ba awowi, ba albashi. Ta wadatar a nan gida, ba ta wadatar a can ba. Sauran bayanan sai ka koma ka roƙa, kuma a nan ne wulaƙanci ke farawa.

Ba Kanada kaɗai ba ce. Mai neman bizar ziyara zuwa Turai ana tambayar sa shaidar aiki da takardun albashi na watannin baya da bayanan banki, don a gamsu cewa yana da abin da zai dawo dominsa. Ma'aikacin jinya da ke son aiki a Saudiyya ko sauran ƙasashen yankin, takardunsa na karatu da na aiki ana bin su har tushe ta hannun kamfanin tantancewa irin DataFlow, su tuntuɓi inda ya ce ya yi aiki. Ko'ina tambayar ɗaya ce: wa zai tsaya maka a rubuce?

Akwai wata matsala da ta fi shafar yankinmu. Kowa ya san yadda damina take a Magarya: zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa, gadajen yara su cika. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a nan, kuma sashen kula da yara na Magarya ya yi suna saboda yawan waɗanda yake karɓa a irin waɗannan watanni. Aikin lafiya a yankin, da ayyukan proje-proje na raba abinci da ƙidaya da allurar rigakafi, da yawansu na lokaci ne. A ɗauke ka wata uku ko huɗu, a sallame ka, baɗi a sake kira. Matashi zai iya yin damina shida yana ceton rayuka, ya ƙware har ya fi wanda ke zaune a biro, amma in aka ce ya nuna shekara ɗaya a jere sai ya rasa. Wanda ya ajiye kowane kwantiragi da kowace takardar sallama, aƙalla yana da abin da zai jera, ya ga inda watanni suka haɗu da inda suka yanke. Wanda ya ce "ai sun san ni" ba shi da komai.

To me ya sa ake hana takardar? Na ji dalilai iri-iri, amma in ka tone su uku ne. Na farko tsoro: mai makaranta mai zaman kanta ko mai kilinik ko ɗan kwangila da bai taɓa yi maka rajista a CNSS ba ya san cewa ranar da ya rubuta "wane ya yi mini aiki daga shekara kaza zuwa kaza, a kan albashi kaza", ya sa hannu a kan shaidar da za a iya kama shi da ita. In albashin ma bai kai mafi ƙarancin da doka ta yanke ba, abin ya zama biyu. Shi ya sa za ka ji yana cewa "zan rubuta maka, amma ban da maganar kuɗi". Na biyu riƙo: ba ya son ka tafi, don samun wanda zai yi aikinka a kan wannan kuɗi da wuya, sai ya mai da takardar igiya. Na uku kuwa, mu faɗi gaskiya, hassada ce tsagwaronta. Akwai wanda ba zai iya jure ya ga yaron da yake aike jiya ya hau jirgi ba.

Bara na raka wani abokin karatuna wajen wata makaranta da ya koyar da lissafi shekara huɗu. Ba zan faɗi sunanta ba. Zuwa na farko aka ce darekta ya yi tafiya. Na biyu aka ce sakatare ya tafi da makullin durowar da hatimi ke ciki. Na uku darektan ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya ce: "Ɗana, ai kai namu ne, me za ka je yi ƙasar sanyi? Ka ƙara mana shekara ɗaya, ni da kaina zan rubuta maka wadda ta fi kowace kyau." Abokina ya sunkuyar da kai yana "na gode, Baba", kamar shi ne ya zo neman bashi. Da muka fito na ce masa mu tafi wajen sufeton ƙwadago. Ya ce in ya kai ƙarar mutumin da ya halarci ɗaurin aurensa, da wane ido zai dubi mahaifinsa? Kwanakinsa sittin suka ƙare a kan wannan kunya. Ga mutum ya ci jarrabawar harshe, digirinsa ya wuce, kuɗin gonar gidansu sun tafi, amma shafi ɗaya ya tsayar da shi.

Wannan kunya tamu abu ce mai kyau a wurinta. Sai dai masu ba da aiki sun gano cewa ta fi kowane lauya yi musu aiki. Ranar ɗauka kai "ɗa" ne, don haka ba a maganar kwantiragi. Ranar biya kai "ɗa" ne, don haka a yi haƙuri da abin da ya samu. Ranar da ka nemi takarda kuma sai ka zama mara kunya. Uba na gaskiya ai shi ne zai fara sa maka hannu.

Wani lokaci kuma ba mugunta ba ce, wanda zai sa hannun ne babu. Proje na shekara uku ya ƙare, an kwashe kwamfutoci, an mayar da gidan haya, shugaban ya koma ƙasarsu, lambar wayar da ke kan takardar ta daina shiga. A watan Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin aikin ƙungiyoyin ACTED da APBE. A farkon 2025 aka nemi kwamitin Croix-Rouge na duniya ya rufe ofisoshinsa a Nijar. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, ayyuka da dama da ke rayuwa da kuɗinta suka tsaya cak a ƙasashe masu yawa. Ba ina nan ba ne don in yanke hukunci kan waɗannan matakai. Tambayata ita ce: direba da mai gadi da mai ƙidaya da ma'aikaciyar jinya da suka yi aiki a ƙarƙashin ƙananan ƙungiyoyin da ake ba rabon aiki, ina dosiyensu yake kwana in ƙofa ta rufe? Babbar ƙungiya tana da hedikwata a waje da za a iya rubuta wa. Ƙaramar da ta ɗauke ka a Dungas fa?

Ma'aikatan gwamnati ma ba su tsira ba. Malaman kwantiragi su ne suka riƙe makarantun ƙauyukanmu shekara da shekaru. Bayan jarrabawar tantancewa ta 2017 an soke kwantiragin dubbai daga cikinsu. Wanda ya koyar shekara takwas kafin nan, shekarun nan nasa ne, ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Amma kafin ya tabbatar da su sai ya bi sawun takardar turawa da takardar kama aiki daga makaranta zuwa ofishin sufeto, daga nan zuwa Damagaram, kusan kilomita 100 daga Magarya, wani lokaci har Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram. Wanda ya fara aiki a yankin Dungas kafin 2011 yana iya tarar da rabin tarihinsa a nan, rabi a can. Haka ƴan bautar ƙasa, masu shekara biyu a ma'aikatu: da yawa suna gamawa su tafi ba su karɓi takardar kammalawa ba, sai bayan shekaru su dawo su tarar an canza shugaba sau uku.

Sai mu zo kan mafi yawanmu, waɗanda ba su taɓa shiga biro ba. Yaron da ya shekara goma a gareji, ubangidansa ya yaye shi da addu'a da akwatin sifana. Wanda ya yi shekaru yana tsaron shago a Kantin Kwari ko yana auna riɗi a Dawanau, a Kano. Mai ɗinki da ke da yara shida a ƙarƙashinta. Ubangidan gareji ba shi da takarda mai tambari, wani ma bai yi lakwal ba, amma ya fi kowa gaskiya. Ga mai aikin kansa, Kanada ba ta karɓar "ni na ce na yi", ko da rantsuwa a gaban hukuma. Tana son shaidar mallakar sana'a, shaidar kuɗin da ke shiga, da takardu daga waɗanda ka yi wa aiki suka biya. Wato rajistar kasuwanci, lambar NIF, rasiɗin haraji, rasiɗin abokan ciniki. Mu kuwa mun taso muna ganin rajista tarkon masu haraji ce. Ina fahimtar wannan tsoro, don mai ƙaramin jari bai ga abin da harajin ke dawo masa da shi ba. Amma rasiɗin fatanti da kake jefarwa a kwandon shara, wata rana shi ne kaɗai zai shaida cewa shagonka ya wanzu.

Inda takardar gaskiya ta yi wuya, ta ƙarya tana araha. Kowa ya san irin siber ɗin da za ka shiga da jika biyar ka fito "shef kontabul" na kamfanin da ba a taɓa ginawa ba, da hatimi ja da sa hannu mai lanƙwasa. Kowa ya ga masu talla a Facebook da WhatsApp da TikTok: "biza tabbas, mu za mu haɗa maka komai." Ƴan uwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'an nan suna kiran lambar da ke kan takarda, suna duba ko kamfanin yana nan, suna gwada abin da ka rubuta yau da wanda ka rubuta a wata tsohuwar buƙatar biza. A dokar Kanada, wanda aka kama da bayanin ƙarya ana hana shi shiga shekara biyar, kuma ba ruwansu da cewa wani ne ya cika maka. Sunanka ne a kai. Ko ka riga ka shiga, in aka gano daga baya ana iya ƙwace takardar zaman. Sannan ba kai kaɗai ka faɗa ramin ba: duk takardar bogi da aka kama daga Damagaram tana sa a ƙara zargin ta gaskiyar da ƙanwarka za ta kai gobe. Kuma ku sani, wanda doka ta yarda ya karɓi kuɗi ya wakilce ka a wannan harka sai lauya ko notar na Kebek ko mai ba da shawara da ke cikin rajistar hukumarsu, rajistar kuwa tana intanet kowa na iya dubawa. Ba wanda ke da ikon yi maka alkawarin biza.

Wanda ya rasa ta gaskiya, ya kuma ƙi ta ƙarya ko ya rasa kuɗinta, hanya ta uku ce ke jiran sa, kuma mun san ta. Ita ba ta tambayar takarda. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, akasari daga Kance, maƙwabtanmu na jini. An kafa dokar 2015-36 don hana safarar baƙin haure, an soke ta a Nuwamban 2023, motoci sun ci gaba da tashi daga Agadas. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 30 da Aljeriya ta koro zuwa Asamaka a 2024 kaɗai, da yawa ana sauke su a tsakiyar rairayi su taka kusan kilomita 15 da ƙafa. Ba na cewa duk wanda ya bi sahara takardar shaidar aiki ce ta hana shi jirgi. Talauci da yunwa sun fi haka girma. Amma na san masu sana'a a hannu da masu diploma a jaka da suka hau bayan Hilux don hanyar doka ta nemi abin da aka hana su.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: "Kai kana koya wa matasa gudu ne, wa zai gina ƙasa?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma ina jin zafin ganin likita ɗaya ya tafi a yankin da yara ke kwana biyu-biyu a gado. Amma ba a tsare mutum a ƙasa ta hanyar ɓoye masa takarda. In kana son ya zauna, biya shi, yi masa rajista, ba shi dalilin zama. Mutanen yankin nan tun kaka da kakanni suke tafiya ci-rani su dawo, da kuɗin bida aka yi rufin kwano da yawa a garuruwanmu. Sannan takardar nan ba ta masu tafiya ba ce kaɗai. Ita za a tambaye ka in ka nemi aiki a wata ƙungiya a nan Damagaram. Ita za ta taimake ka a banki in kana neman bashi. Rajistar CNSS da ake gudu ita ce fanshonka ranar tsufa, ita ce abin da iyalinka za su dogara da shi in ka ji rauni a wurin aiki. Wanda ya hana ka shaidar aiki don kada ka tafi, ya cuce ka ko da ka zauna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙon kowane ɗayanmu, ko yana da niyyar fita ko ba shi da ita.

Ranar da aka ɗauke ka, nemi a rubuta, ko da shafi ɗaya ne da hannu, da kwanan wata da sa hannun ku biyu. Duk shekara, tun kuna shiri da ubangida, nemi takardar shaidar cewa kana kan aiki. Ta fi sauƙin samu ranar da ake dariya da kai. Ka rubuta jerin ayyukan da kake yi da kalmominka, na gaskiya, ka kai masa ya duba ya gyara, kada ka kwafo na intanet kalma da kalma. Ka roƙi a sa awowin mako da albashi. Tunda Kanada na karɓar Faransanci, ba sai ka biya mai fassara ba. In ana biyan ka hannu da hannu, nemi rasiɗi ko ka sa hannu a rajista ka ɗauki hoto, in kuma da hali a riƙa turo maka ta banki ko ta waya don sawu ya zauna. Ka je CNSS da kanka ka tambaya ko sunanka na ciki, kada ka tsaya ga "an yi maka". Ka riƙe lambar waya da imel na shugabanka na kai tsaye da abokan aiki biyu, don proje na mutuwa amma mutane na nan. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa kanka a imel, ka yi kofi a buga maka hatimi a ma'aikatar magajin gari, asalin kuma a sa a leda, nesa da gara da ɗigon damina. In an hana ka, rubuta buƙatarka a takarda ka riƙe kofi. Wannan kofin, tare da kwantiragi da rasiɗai da wasiƙar bayani, ya fi zuwa hannu biyu, ko da yake jami'i ne ke da ta cewa a ƙarshe. In abin ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago don haka aka buɗe shi, kuma sulhu yake fara nema kafin a kai ga kotu. In kunya ta hana ka zuwa kai kaɗai, ku je ku uku.

Ga hukumomi kuma, buƙatunmu ba su fi ƙarfinsu ba. Sufetocin ƙwadago su riƙa saukowa Magarya da Dungas a kan lokaci sananne, a sanar a rediyon gari da Hausa, don kada mai ƙorafi ya kashe kuɗin mota zuwa Damagaram a kan shafi ɗaya. Duk ƙungiya ko proje da zai rufe, bisa son ransa ko bisa umarni, a tilasta masa ya ba kowane ma'aikaci cikakkiyar takarda kafin ya mayar da makulli, ya kuma ajiye kofin rajistar ma'aikatansa a hannun hukumar ANPE ko ofishin ƙwadago. A fitar da samfurin takarda guda, mai gurbin ayyuka da awowi da albashi, wanda kowane mai ba da aiki zai iya cikawa. Majalisar masu sana'o'in hannu da asusun FAFPA su duba yadda za a gwada makaniki da tela da mai walda da suka koya a gareji da shago, a ba su shaidar da hukuma ta amince da ita. Ma'aikatun ilimi da lafiya su sa tarihin ma'aikatansu a kwamfuta, mutum ya daina yawo da jakar leda daga biro zuwa biro.

Ku kuma iyayen gidanmu, masu makarantu da kilinik da shaguna da gareji, da yawanku kun riƙe mu lokacin da ba mu da kowa, ba mu manta ba. Ku cika alherin. Yaron da ya yi muku shekara huɗu ya zo neman shaida, ku rubuta abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, ku sa hannu a ranar. In akwai bashin CNSS a baya, ku je a zauna a tsara yadda za a biya, ya fi a ce tsoronsa ya sa kun tare wa ɗan mutane hanya.

Ku da kuka karanta har nan, ku duba jakarku yau da dare. Wuri nawa kuka yi aiki, takarda nawa ke hannunku? In lissafin bai daidaita ba, gobe Allah ya kai mu ku fara da wanda ya fi kusa, tun wanda ya san ku yana kan kujerar. Ku karanta wa na fadarku da ba su yi lakwal ba. Wanda kuma aka taɓa hana shi, ya ba mu labari a ƙasa ba tare da kama suna ba, mu ga yawanmu.